Daron Gidan Inna a Yasar Madatsa

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙaura Namoda, ni da wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa, wanda na yaudara da cewa za mu je kallon dutse. Gaskiyar magana, aike ya same ni daga Inna, mahaifiyata. Garinsu, can gaba da Zurmi, yana shan ruwa ne daga wata madatsa da aka gina a kwarin dutsen da ke bayansa. Ruwan damina ya taru a ciki, bututu ya gangaro da shi gida-gida. Kowace shekara kafin ruwan farko ake gayyar yashe ta, kuma gidan da bai tura mutum ba, a toshe masa famfo har baɗi. Ƙanena da ya saba zuwa ya karye a babur. Saura ni.

Kuɗin mota ya tashi, direba kuwa ko kallon masu tsayar da shi a daji ba ya yi. Sai a Birnin Tsaba muka sauka muka sayi ƙuli-ƙuli da hoce, wainar dawar nan mai tauri, abokina yana tauna yana tambayata ko dutsen ne aka fara ba shi.

Da muka isa, Inna ko ruwa ba ta bari na sha ba. Ta ɗora mini daro a ka.

“Mi kaka jira? Hau maza, hadari na tahe. Kak ka sa a tushe min hwamho ina da ɗa raye.”

Hawan ya gaya mini shekaruna. A sama muka tarar da madatsar ta zama fili, laka ta binne bakin bututun. An ja layi tun daga ƙasan kwarin har bakin ganuwar madatsar: malamai, ’yan kasuwa, Fulanin da shanunsu ke sha a kwamin ƙasa, kowa yana miƙa wa na gaba daro. Sarkin gayya ya ɗaga murya: “Gidan Inna sun zaka!” Aka yi shewa, har da masu tsokanar hannun alli ya zo ɗaukar laka. Na ji haushi, na shige tsakiya.

Bayan la’asar gabas ta yi baƙi. Tafin hannuna ya sale, amma ba mai iya fita layi, don in mutum ɗaya ya zame daro ya tsaya. Bakin bututun ya bayyana ana ta kabbara, muka ɗaure masa rariya, ɗigon farko yana sauka a bayanmu. Muka gangaro da gudu, jiƙe sharkaf, abokina ya fi kowa ihu.

Da safe famfon Inna ya yi tari, ya tofo jan ruwa, sannan ya saki fari. Daɗi ya kama ni, na tara hannu na sha.

Na dawo Ƙaura hannu a naɗe da tsumma. Da can in na buɗe famfo ba na tunanin kowa. Yanzu sai in ga layin nan. Na gaya wa ƙanena ko ƙafarsa ta warke, daron baɗi nawa ne.