Ƙyallayen da Na Ƙone daga Adakar Yaya Talatu

Yau shekara bakwai ke nan cif. Ranar wata Alhamis, da ƙarfe uku da kwata na yamma, Allah ya karɓi ran yayata, Hajiya Talatu, a ɗakinta da ke unguwar Briqueterie. Mu uku ne a kanta: ni, da matata Rabi, da limamin layinmu. Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Haka nake. Na yi shekara talatin ina tsaron sito a wani shagon kayan gini da ke kasuwar Mokolo, inda ƙusa ke zama da ƙusa, kwaɗo da kwaɗo, kuma wanda ya yi wannan aiki ba ya iya ganin abu a inda ba wurinsa ba. Wannan hali nawa shi ya jawo abin da zan ba da labari.

Yaya Talatu atamfa take sayarwa a cikin gida. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ya ba ta wata ɗabi'a da ta dame ni tun tana da rai: tara kayan ado na masu koyon sana'a. Ba gwal ba, ba azurfa ba. 'Yan kunne na ƙaho, awarwaron wayar lantarki, sarƙar fasassun kwalabe da aka goge. Tana da ƙa'ida uku. Ta ɗaya, aikin fari kaɗai take saye, wato abin da mai koyo ya fara gamawa da hannunsa. Ta biyu, ba ta neman ragi, ita da za ta tsaya rabin awa a kan tumatir. Ta uku, sai ta sa abin a jikinta ta je biki da shi, ta faɗi sunan wanda ya yi da ƙarfi.

Rabi ta ba ni labarin wani biki da suka je tare. Mata sun sha gwal na Dubai, Yaya kuwa ta shigo da 'yan kunnen ƙahon saniya, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wata ƙawarta ta ce, "Hajiya, yau kuma rabon mahauta kika rataya? Ki yi hankali da karnukan layi."

Yaya ta ce, "Naki na Dubai, wa ya ƙera shi?"

"Oho, ina zan sani?"

"To nawa Zainabu 'yar Audu mahauci ce ta yi, gidansu na bayan masallaci. In ya karye na san ƙofar da zan buga."

Aka yi dariya. Amma kafin a watse, mata biyu sun tambayi kwatancen gidan.

Ni ban yi dariya ba da na ji. Na same ta na ce, "Yaya, kina zubar mana da girma a unguwa." Ta dube ni ta ce, "Bala, kai ƙusa ka sani, ƙusa kuwa duk ɗaya ce. Hannun mutane ba ɗaya ba ne." Ban sake tayar da maganar ba, ban kuma yarda ba.

Bayan sadakar arba'in aka raba abin da ta bari. Adakar kayan adon ba wanda ya so, sai ta faɗo hannuna. Da na buɗe, na tarar kowane abu a ƙulle cikin ƙyallen atamfa, wani ja, wani kore, wani ya koɗe. Ƙulli talatin da ɗaya. Raina ya ɓaci da wannan hargitsi. Na kwance su duka. Na ware tagulla da tagulla, ƙaho da ƙaho, duwatsu da duwatsu. Na goge, na jera. Sannan na tattara ƙyallayen na cinna musu wuta a tsakar gida, ina jin na yi wa 'yar'uwata hidima.

Rabi ta dawo daga kasuwa ta ga hayaƙi. Ta ce, "Malam, me ka ƙone?"

Na ce, "Tsummokara."

Ta leƙa adaka, ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ba tsummokara ba ne, Malam, sunaye ne ka ƙone."

A ranar na koyi abin da kowace mace a layinmu ta sani. Yaya ba ta yi boko ba, ba ta rubutu. Kowane abu tana ƙulle shi ne a cikin ƙyallen ankon bikin da ta sa shi. Mata kuwa ba sa manta anko. Ka nuna musu ƙyalle, za su ce bikin 'yar wane ne, su tuna abin da Hajiya ta rataya ranar, su tuna sunan da ta yi ta faɗa. Littafinta ke nan, kuma ni mai taƙama da tsari na sa masa ashana. Rashin sani ya fi dare duhu. Na rufe adakar na tura ta ƙarƙashin gado, ta yi shekara huɗu ban taɓa ta ba, don kunya.

Zainabu ce ta sa na fito da ita. Wata safiya ta yi sallama, mace babba da mayafi, ta ce ita ce 'yar Audu mahauci. Yanzu tana da wurin aiki a unguwar Tsinga, mata uku na koyo a hannunta, kuma ƙahon da ake zubarwa a mahautar unguwarmu shi take mayarwa sarƙa tana aikawa Douala da ma gaba. Ta ce tana son ta ga aikinta na fari. Na gaya mata gaskiyar abin da na yi, ban rage ba. Ta durƙusa gaban adakar, ta sa hannu sau ɗaya.

"Kawu, ga nawa. Ga dogon, ga gajeren. Sau uku ina roƙon ta ta ba ni in daidaita su, ta ce in na taɓa za ta yi ƙarata wurin Baba."

Na ce ta ɗauka, nata ne. Ta ce a'a, Hajiya ta biya. Sannan ta gane wasu biyu daga yadda aka liƙa su, ta ce wannan hannun wane ne, wancan na wance. Ta ɗauki hoton sauran da wayarta ta aika wa abokan sana'arta.

Tun daga nan ake zuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Wani mutumin Foumban, garin masu zubin tagulla, ya zo da taksinsa, domin tuni ya bar sana'ar ya koma tuƙi. Ya ɗauki wani zobe mai kauri, ya juya shi, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Alhaji, ashe na taɓa yin abu mummuna haka, kuma mutum ya sa shi gaban jama'a?" Wata uku bayan nan ya aiko mini da saƙo cewa ya sake hura wuta, yana zubi ranar da ba ya fita aiki. Duk wanda ya gane nasa, ina rubuta sunansa a kati in ɗaura da zare. Zuwa yau goma sha tara sun sami suna. Saura goma sha biyu.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga yau. Na farko, za ta yi murna. Matasan da a da suke ɓoye aikinsu yanzu suna nuna shi ga duniya daga cikin ɗaki, kuma ba a ce wa mai sarƙar ƙaho mahaukaciya. Na biyu, za ta yi faɗa, domin ana yaba hoto a waya amma ranar biki sai a koma gwal ɗin da ba a san maƙerinsa ba. Yabon waya ba ya sayen gawayi. Na uku, za ta juyo kaina, kuma na san abin da za ta ce: "Bala, kai ƙusa ka sani."

Atamfar da ta sayar duk ta tsufa ta yage. Ɗakinta wasu ke haya. Abin da ya rage nata shi ne mutanen da suka ci gaba da sana'a saboda wata rana wata mace ta ɗauki aikinsu da muhimmanci. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Rabi ta ɗauki ƙa'idojin nan uku. Ni ma bara na sayi zoben fari na ɗaya daga cikin masu koyo wurin Zainabu, sunanta Hauwa. Ya karkace, yana kuma matse mini yatsa. Ina sa shi kowace Juma'a. Allah ya jiƙan Yaya Talatu, ya sa Aljanna ce makomarta.

Roƙona biyu ne, mai karatu. Na ɗaya, bikin da za ki je nan gaba, ki sa aikin wani mai koyo, in an tambaye ki ki faɗi sunansa yadda za a ji. Na biyu, a cikin goma sha biyun nan akwai awarwaron jar waya mai gutsuren shuɗiyar kwalba uku, wanda Rabi ta ce Yaya ta fi sawa. In kai ka yi shi, ko kin san wadda ta yi, a zo Briqueterie bayan la'asar a tambayi gidan Bala mai sito. Katin na nan, zaren na nan. A zo a faɗa mini sunan in rubuta.