Kabad ɗin Inna

Mun tashi da asuba daga Bacirawa, ni da abokiyar aikina, na rungume lambar yabon a jaka kamar jaririya. Ta gilashi ce, ɗakin karatunmu aka bai wa saboda kai littattafai ƙauyuka. Ko karyawa ban yi ba. Jiya aka bugo min cewa maigidan da ya ara mana zaurensa, a wani ƙauye bayan Tsanyawa, zai fitar da littattafanmu, wai kaka ta yi, wake zai zuba. Na ce bari in kai masa ya gani, ko ya ji kunya.

A Dawanau tireloli suka toshe hanya. Direban bas ɗinmu kuwa ya sauka sayen ƙosai hankali kwance, wallahi kamar in ja motar da kaina. Kwandasta ya ce jakar da ke cinyata ma sai ta biya. Na ce ya zo ya karɓa a wurinta. Bayan Bichi gonaki manne da juna, dawa ta sunkuya, duk buhun da na hango a amalanke sai in tuna da littattafanmu.

Daga Tsanyawa muka hau acaɓa. Ashe mun makara, zauren cike yake da buhuna har rufi. Maigidan ya jujjuya lambar ya ce, "Madalla, Malama. Amma wake ba ya jira. Ku shiga wurin Inna."

Inna mahaifiyarsa ce, ba ta yi boko ba, jikoki ke karanta mata. Tsohuwar nan ta kwashe kwanukan jerenta daga kabad ta tura ƙarƙashin gado, ta jera littattafanmu a gurbinsu. Matan da ba sa tsayawa a zaure ga su nan suna zaɓa.

Inna ta karɓi lambar ta ce, "'Yar nan, me aka rubuta a jiki?"

Na karanta sunan ɗakin karatunmu da na shugabanmu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Kunyar da na ɗauko wa maigida ni ta kama. Ta goge gilashin da bakin zaninta ta miƙo min, ta ce in riƙe da kyau, hanya da gargada. Na buɗe kabad ɗinta na ajiye lambar a ciki.

Da magariba na iso gida, jaka wayam. Na koyi cewa wanda ya yi ɗawainiyar ba lallai a rubuta sunansa ba. Gobe shugabanmu zai tambayi lambar, har yanzu ban san me zan ce masa ba.