Mun Riga Dusar Ƙanƙara Zuwa

Kafin labarin hanya, bari in lissafa muku abin da na tafi da shi. Alkawari ɗaya mai shekara goma sha shida. Kwana biyar da zan iya rufe shago. Sai mako takwas da suka rage wa autana a Jidda. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a kaina take, shekarunsa sun wuce na zama a ƙarƙashina, bai samu kafilin da zai tsaya masa ba, ya yanke shawarar tafiya Kano wurin kawunsa ya kama aiki. Yana ɗan shekara bakwai ya ga dusar ƙanƙara a talabijin ɗin shagona na unguwar Hindawiyya, na ce masa da kaina zan kai shi ya ga tana saukowa daga sama. Kowace shekara sai in ce baɗi.

Sana'ata mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ina sayen tsofaffi in gyara in sayar. Dabara ɗaya ce ta tsayar da ni da ƙafata: in saya lokacin sanyi da babu mai nema, in sayar idan zafi ya kama mutane. Da wannan tunanin na shiga ofishin tafiye-tafiye. Mai ofishin, wani Bahaushen Sudan da muka daɗe tare, ya nuna min farashin zuwa ƙasar Azarbaijan na farkon Disamba da na tsakiyar Janairu, na biyun ya kusa ninka na farkon. Ya ce in jira Janairu. Na ce masa dutsen da za a hau a Janairu ai shi ne dai a Disamba. Na biya, na fito ina jin na yi wayo.

Ana idar da sallar asuba muka bar gidanmu na unguwar Madain Fahd. Uwarsa ba ta bi mu ba saboda ciwon gwiwa, amma ta cusa mana yaji da dabino a jaka kamar masu tafiya daji. Rigunan sanyi a gwanjo na sayo su, tawa ta yi min yawa har hannuna ba ya fitowa. Muka canza jirgi a hanya, muka sauka Baku da la'asar. Iskar da ta tarbe mu a ƙofar filin jirgi ta sa na ce a raina, lalle kaya sun iso.

Washegari wani dattijon direba mai haƙoran zinariya ya ɗauke mu zuwa arewa, tafiyar kusan awa huɗu. Ya tsinci Larabci kaɗan a bakin masu yawon buɗe ido. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, gefenta gonakin tuffa da suka zubar da ganye, mata na sayar da tuffan a bokiti, bokiti guda bai kai kuɗin kilo biyu a Jidda ba. Muka tsaya shan shayi. A ƙaramin kofin gilashi suke kawo shi, tare da 'ya'yan itace da aka dafa da sukari. Na shafa nawa a burodi, matar wurin ta yi dariya ta nuna min da cokali ake lasa ana kurɓar shayin. Akwai wata gurasa mai laushi da suke cusa wa ganye, da na barbaɗa mata yajin gida sai ta zama abinci. Duk inda na tambayi direba ina ƙanƙarar, sai ya nuna sama da yatsa ya ce tana can gaba.

Muka yi ta hawa, duwatsu na nan jajaye da busasshiyar ciyawa, babu abin da ya raba su da hanyar Ɗa'ifa sai sanyi. Autana ya fito da waya tun daga gindin dutse yana ɗaukar hoto. Can na ga ya mayar da ita aljihu.

A wurin shaƙatawar da muka nufa, taswirar da aka kafa tana nuna hanyoyin zamiya kan ƙanƙara fiye da goma. Ɗaya ce a buɗe. Wani farin zare ne ya sauko daga cikin dutsen, faɗinsa bai wuce layin shagona ba, dama da hagu ƙasa ce da tsakuwa. Otal ɗin shiru, rabin gidajen abinci a rufe, ma'aikata na fenti, kujeru a jere bisa juna. Mai karɓar baƙi ya ce bana ƙanƙarar ta yi jinkiri, amma sun rage kuɗin shiga. Karo na farko ke nan a rayuwata da aka yi min ragi ban ji daɗi ba.

Duk da haka mun shiga. Aka ba mu takalma masu nauyi kamar an zuba siminti, aka ɗaura mana dogayen alluna biyu a ƙafa, da sanda biyu. Da safe ƙanƙarar tauri gare ta kamar bangon tsohuwar firiza, da azahar ta koma caɓi. Na faɗi sau huɗu a wuri ɗaya, mai koyarwa ya ɗaga ni sau uku, na huɗun ya bar ni in huta. Na cire allunan na koma gefe. Autana kuwa zuwa rana ta biyu yana saukowa shi kaɗai, yana kauce wa duwatsun da suka leƙo. Ina zaune ina kallonsa yana tahowa daga nesa, ɗan ɗigo baƙi a kan fari, sai ya girma ya zama mutum, ya wuce ni. Na riƙa ƙirga sauran kwanakin da zan iya ganinsa haka da idona.

Rana ta uku bayan sallar asuba na ji ƙarar da na sani ko cikin barci: kwamfaresa, injin matsa iska irin na cikin mukayyif. Na fita. Wasu injina ne kamar ganga mai fanka a baki, suna feso ruwa sama yana daskarewa kafin ya faɗo. Ashe duk abin da muke zamiya a kai haɗi ne. Na iske mai kula da su, muka yi hira da hannu da fassarar waya. Ya nuna min bututun ruwa da famfo, ya ce injin ba ya aiki sai sanyi ya kai na daskarewa, su ma sama suke kallo kullum. Na ce masa injin na biyu daga ƙarshe yana kukan da ba na lafiya ba. Ya saurara, ya kalle ni, ya miƙo min hannu.

Na koma na taso autana, na tsayar da shi a ƙarƙashin feshin. Na ce masa ga ta nan tana saukowa. Ya ɗaga fuska, ya rufe ido, farin gari na taruwa a girarsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Baba, wannan ai mukayyif ne babba."

Ranar ƙarshe muka hau tilifirik, akwatin nan mai tafiya a kan waya irin na Ɗa'ifa, zuwa ƙololuwa. Mu biyu kaɗai a ciki. Shi a Jidda aka haife shi, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsa min. Ran nan sai ya fara Hausa a hankali, yana laluben kalmomi. Ya tambaye ni yadda ake gaida manya a Kano, da ko za su yi masa dariya in ya buɗe baki. Na ce za su yi, sannan su saba. Na ba shi labarin mahaifina da ya biyo ta Sudan ya zo aikin hajji, ya yi ta cewa zai koma gida har aka binne shi a nan. Ni kaina sau biyu na taɓa zuwa Kano, kuma a matsayin baƙo. Abin da zan iya koya masa game da garin bai kai mu ƙarshen wayar ba.

A sama muka samu ta gaskiya, 'yar kaɗan a inuwar wani dutse, ba ta fi tabarmar sallah ba. Can nesa kuma manyan duwatsu fari fat, inda babu hanya. Ya dunƙula ta a hannu. Nan na gaya masa gaskiya, cewa an ce min in jira Janairu, arha ce ta ja ni. Na roƙe shi ya ɗauki wannan a matsayin cika alkawari.

Ya girgiza kai. "La, Baba. Cewa ka yi tana saukowa daga sama. Ban gani ba. Yana nan a kanka."

Na ce to ina zan same shi, shi yana Kano ni ina Jidda?

"Kai ka sani. Ka kira ni, in zo."

Mun dawo gida lafiya, zafin Jidda ya karɓe mu tun daga matakalar jirgi. Kwana huɗu bayan haka direban ya turo min bidiyo: wurin da na faɗi sau huɗu ya rufe, tana zuba kamar ana kaɗa auduga, motoci sun yi layi.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na koyi cewa akwai abin da ba a riga shi zuwa, sai dai a jira shi a biya yadda ya zo. Na rasa abin da na je nema, kuma kafin ya tashi babu damar komawa. Abin da na samu shi ne hira ɗaya da Hausa da ɗana, da dalilin da zai sa dole mu sake haɗuwa a wani filin jirgi. Na duba ta kowace fuska, ban ga na faɗi ba. Amma gidan zai yi shiru daga ƙarshen Janairu, wannan kam babu inda zan sa shi a riba.