Shekarar da Na Yi Kishi da Shaho

Ko zan manta komai na zamanmu a unguwar Safa ta Jidda, ba zan manta shekarar da na yi kishi da tsuntsu ba.

Lokacin Umma tana hannuna, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ni ke mata wanka, ni ke dafa mata abinci marar gishiri, ni ke tura kekenta zuwa asibiti. Ƙanwata kuwa tana aure a Ingila, nata sai gaisuwa ta waya. Ita ce ta aiko mana da kwamfuta, ta nuna mana wani shafi inda aka kafa kyamara can Ingila a kan sheƙar wani irin shaho mai kamun kifi. Kana zaune a Jidda, kana ganin macen kwance kan ƙwai uku, iska na kaɗa mata gashi.

Shi ke nan, Umma ta samu abin yi. Daga hantsi har la'asar idonta na kan sheƙar. In na kawo shayi sai ta ce, "Ajiye, ya binti, 'yata, mijin ya kawo kifi." Ranar da ƙwan farko ya ƙyanƙyashe har guɗa ta yi, ta sa na kira mata ƙanwata, suka daɗe suna hira suna ƙyalƙyala dariya. Ni ina tsaye riƙe da tasar wanke ƙafa. A raina na ce, wato ni mai wahalar ban taɓa samun wannan dariyar ba, sai wadda ta aiko da tsuntsu.

'Ya'yan suka girma, suka fara gwada fiffike. Umma ta ƙwallafa rai a kan ƙaramin, wanda 'yan'uwansa ke danne wa abinci. Ta ce gobe ko jibi zai tashi. Washegari ina shara, na kai hannu bayan kujera na zare wayar intanet, na ce mata layin ya lalace.

"Halas," ta ce. Wato shi ke nan.

Kwana uku na bar ta tana kallon bango. A rana ta huɗu ƙanwata ta kira tana murna, wai ƙaramin ya tashi tun shekaranjiya. Na je na mayar da wayar. Sheƙar ba kowa, sai tsinkaye da ƙayar kifi.

Umma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kin san inda suke zuwa in sanyi ya shigo? Ƙanwarki ta ce ƙasashenmu suke tafiya. Ba takardar iƙama ta izinin zama, ba kafili mai tsaya musu, ba mai tare su a hanya. Ni rabona da gida tun kafin in haife ki. So na yi in ga tashinsa, in ba shi sallahu." Ta juyo ta dube ni. "Na ga lokacin da kika zare. Gajiya ce, ya binti. Allah ya yi miki albarka."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na kifa kai a cinyarta, tana shafa kaina ina kuka. Umma ba ta kai wata ƙyanƙyasar ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Tun daga nan, in na ga mutum yana farin ciki da abin da ba ni na ba shi ba, nakan zauna kusa da shi in tambaye shi me yake gani a ciki, kafin in bari zuciyata ta ba ni shawara.