Fitilar da Ta Yaudari Yaya Haruna

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Haruna, mai haƙar rijiya a Nasarawa Burkullu, kuma har yau ina jin haushin yadda ake ba da labarinsa. Wai aljanun rijiya ne suka taɓa shi.

Haruna ba shi da ganganci. Tsoro ma gare shi, har tsiya muke yi masa. Ba ya shiga rijiya sai ya zura fitilar aci-balbal da igiya. In ta mutu, ya san iskar ƙasa ta ɓaci, sai ya naɗe igiyarsa ya tafi gida, mai aiki ya yi ta faɗansa.

Lokacin da injin ban-ruwa ya fara shigowa ƙasarmu, aka kira shi yasar wata rijiya a Adabka. Tiyon bai kai ruwa ba, sai aka zura injin kansa ciki, ya yi ta ruri har ya tsotse ta. Haruna ya gwada fitilarsa, tana ci lafiya lau, ya sauka. A cikinmu babu wanda ya san hayaƙin fetur yakan kayar da mutum bai kashe wuta ba.

A sume aka jawo shi. Ya farfaɗo da amai da ciwon kai, muka yi murna har da sadakar waina. Bayan 'yan makonni sai hannunsa ya fara rawa, ya kasa ɗaure wandonsa, ya dubi matarsa ya tambaya 'yar wane gida ce. Inna ta ce, "Mutanen rijiya sun riƙe min ɗa, gangar jiki ɗai sunka sako." Rubutu da turare aka yi ta yi, asibitin Gummi bai zo bakin kowa ba. Bai ga damina ta gaba ba.

Yanzu jikansa Basiru zinariya yake haƙa wajen Anka, inji na ruri a ƙasan ramin. Da Haruna zai leƙa, da kunne zai fito da shi. Na zaunar da yaron na faɗa masa gaskiyar abin da ya kashe kakansa. Ya yi dariya ya ce, "Haba tsoho, shi ba ya da tsari na. Dubi nau." Ya nuna min laya, matar marigayin ce da kanta ta ɗinka masa.

Allah ya jiƙan Haruna. Rijiyoyinsa na nan ana sha. Taka-tsantsan ɗinsa kuwa babu wanda ya gada. Labarin aljanun aka gada, shi kuma Basiru ya ɗaura a damtse ya koma rami.