Tafasar Cikin Harami

Shekarar da aka yi ruwan sama mai yawa a Makka, duwatsun da muka saba gani ƙurmus suka wayi gari kore shar. Na ɗauki Inna, mahaifiyata, a tasi ɗina muka nufi hanyar Arfa kallon furanni.

Wani kwari muka tsaya, daf da alamar iyakar Harami. Ta waje awaki da tayoyin 'yan shan iska sun gama da komai. Ta ciki kuwa, inda addini ya hana cire ko ciyawa ɗaya, furanni ne rawaya da farare da shuɗi, ƙudan zuma na ta hidima. Ni na shagala da ɗaukar hoto. Inna ko kallon furen ba ta yi ba.

"Kai, zo nan! Waccan ba tafasa ba ce?"

Ita ce. Tun da ta baro ƙauyensu tana amarya ta zo Makka ba ta sake cin kwaɗon ɗanyar tafasa ba, sai busasshiyar da alhazai ke kawo mata, wadda ta ce ɗanɗanon jaka take yi.

"Inna, cikin Harami take."

"Na sani, ni na koya maka. Amma in mutum ya yi tuntuɓe ya faɗa kanta ta karye, ai ba da gangan ba ne."

"Wa zai yi tuntuɓen?"

Ta dube ni sama da ƙasa. Na ce wallahi ban faɗuwa. Ta ce dama tun ina yaro ba ni da amfani. Ta zauna jiran iska ta karya mata reshe, iska ta ƙi. Muka koma unguwarmu Hindawiyya raina a sose, don na ga idonta ya kawo ruwa.

Da ciyayi suka bushe ta ce, "Yalla, tashi ka mai da ni kwarin nan." Ta durƙusa ta tsince irin da ya zube ƙasa da kansa, ba ta taɓa ko kara ba. Ta shuka a gwangwanayen madara a saman gidanmu, don abin da mutum ya shuka da hannunsa halal ne ya tsinka.

Ranar da ta yi kwaɗon, har da ƙuli, ta kira maƙwabta kowa ya samu loma. Na miƙo hannu, ta janye kwanon.

"Khalas, magana ta ƙare. Wanda ya ƙi faɗuwa don uwarsa, ya je ya ci hoto."