Maƙwabtan Sani

Daga Matankari zuwa Gaya

Mun bar gida ana kiran assalatu, ni da Inna. Tun da jirgin masunta ya kife da ƙanena Sani a tekun Kwatano, aka nemi gawarsa aka rasa, Inna ta ƙi karɓar gaisuwar mutuwa. Duk wanda ya zo sai ta ce ba a nuna mata kabari ba. Tana ta ramewa muna kallo. Da ta ce in kai ta wurin, ban yi musu ba, ko da yake ni mutum ne mai gardama.

Taksi ya sauke mu a Dutsi, muka shiga kar, babbar motar fasinja, ta Doso. A shingen jandarma na nuna kat dantite, wato katin shaida, Inna kuwa ta rungume wani ƙulli kamar za a ƙwace.

"Inna, mi a ciki?"

"Goro da gumba. In ɗanka ya sauka baƙon gari, ba ka zuwa gaida maƙwabtanai hannu sake."

Bayan la'asar muka isa Gaya, muka ci shinkafa da wake a tasha. Gadar kogin da ke kan iyaka a rufe take, sai kwalekwale. Har muka haye, idon Inna a rufe yake, hannunta ɗaya riƙe da rigata.

Kwatano

Mota ta kwana tana tafiya da mu ta Kandi da Paraku. Mun sauka wurin Malam Hasan, mutumin Geceme mai sayar da albasa, wanda Sani ya zauna a ɗakinsa. Da safe ya kai mu bakin ruwa wurin wani tsohon masunci da suka yi aiki da Sani, Malam Hasan ɗin ne kuma tafintanmu.

Inna ta daɗe tana kallo. Ita da babban ruwan da ta sani shi ne tabkin damina.

"Ina ƙarshenai?"

"Babu, Inna."

"To su wa ka zama ciki?"

Tsohon ya buɗe kwandonsa ya nuna mata kaguwa, da jatan lande, da wani faffaɗan kifi kamar faifai. Ta taɓa kowanne da yatsa. Ya ce kunkuru na fitowa ya binne ƙwai a rairayi, in ƴaƴan sun ƙyanƙyashe su gangara ruwa da kansu. Ya ce can ciki kuma akwai wani kifi da ya fi kar ɗin da ta kawo mu girma, yana tasowa sama ya sha iska, macen tana haihuwa, tana ba ɗanta nono.

Inna ta sa aka maimaita mata.

"Nono? Cikin ruwa?"

"Ya ce da idonai ya gani," in ji Malam Hasan. "Ɗan na manne da ita, tana turo shi sama shi numfasa."

"Ashe da uwaye a ciki," ta ce a hankali.

Sai ta kwance ƙullinta ta nufi ruwa. Na bi ta da sauri, don ni ba na son abin da ya yi kama da ba iskoki abinci.

"Inna, wanga ba shi da kyau a addini."

"Kai da wa'azinka. Ba tsahi za ni yi ba, gaisuwa ce."

Goron ta miƙa wa tsohon da hannu biyu, gumbar ta raba wa matan da ke jiran kifi. Sannan ta shiga har ruwa ya kai mata idon sawu, ta durƙusa yadda ake gaida manya.

"Sannunku da gida. Ni ce uwar Sani. Ba shi da hwaɗa, sai dai yawan surutu. Ku yi haƙuri da shi."

Na juya baya na yi kukan da ban yi ba tun ranar da labarin ya zo.

Gida

Hanyar da muka bi muka dawo, Inna ta yi barci mai nauyi a kafaɗata daga Gaya har Doso. Mun shiga Matankari da almuru. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu, da Malam Hasan, da tsohon nan da ban ma tambayi sunansa ba.

Da safe na fito na tarar ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi har bakin zaure.

"Tahi ka hwaɗa ma mutane," ta ce. "Sani ya rasu. Su zo su gaishe ni."